Ranar da Onarabul Isah Ya Yanke Hukunci

Isah Ɗanmaliki bai taɓa neman kujerar majalisa ba, ita ce ta faɗo masa kamar yadda ƙadangare kan faɗo wa mutum daga rufin ɗaki. Haifaffen Jabo ne, ɗan wani manomi mai gonar gero da 'yan shanu, kuma shi kaɗai ya yi nisa da boko a gidansu. Ya yi karatun shari'a a Sakkwato, kuma a faɗi gaskiya ya iya karatun, don malamansa sun sha yabon kaifin kwanyarsa. Da ya gama ya dawo Tambuwal, ya samu aiki a wani ofis da aka ce na ba da shawara kan shari'a ne. Ya yi shekaru a wurin ba wanda ya nemi shawararsa, shi kuwa bai yi wa kowa shisshigi ya bayar ba.

Ana nan sai rikici ya ɓarke a jam'iyya. Mutum biyu suka fito neman kujerar majalisar jiha, kowanne da 'yan bangarsa, kowanne ya rantse in ba shi ba sai rijiya. Uban jam'iyya a lokacin shi ne Alhaji Ɗangiwa, dillalin hatsi da taki, wanda ko ɗan acaɓa a Tambuwal ya san ba a tsayar da kansila sai ya yi tari. Ɗangiwa ya duba hagu ya duba dama, yana neman mutumin da ba shi da maƙiyi. Duk garin mutum ɗaya ya samu, don mutum ba ya yin maƙiyi sai ya taɓa faɗin ra'ayinsa.

Ya sa aka kira Isah zaurensa. Isah ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa.

"Yaro, kai za mu tsaida," in ji Ɗangiwa, yana ɓare goro.

"To, ranka shi daɗe."

"Ba ka tambayi ko a mi ba."

"Duk inda kunka ga ya dace, ranka shi daɗe."

Ɗangiwa ya juya ya kalli mutanensa, ya ce, "Kun ji ko? Irin wanga nika nema."

Haka Isah ya zama Onarabul. Ya yi zango biyu a majalisa, kuma ba wanda zai ce bai yi aiki ba. Duk ranar zama yana cikin na farkon isowa, da babbar riga mai aska, da ƙamshin turare. Da zarar wani ya gabatar da ƙuduri, kafin ya gama zama Isah ya miƙe ya ce ya goyi baya. Ya goyi bayan a gina, ya goyi bayan a rushe. Akwai ranar da ya goyi bayan wani ƙuduri da hantsi, da azahar wani ya kawo kishiyarsa, shi ma ya goya masa. Wani ɗan jarida ya tare shi a bakin ƙofa ya tambaye shi wanne ne ra'ayinsa a cikin biyun, ya ce ai duka 'yan'uwansa ne. Daga ranar abokan aikinsa suka raɗa masa Mai Goyo. Sunan bai dame shi ba, shi a ganinsa yabo ne.

Mazaɓarsa ma bai manta da ita ba. Ya sa an kafa wani ƙaton allo a bakin Jabo, mai ɗauke da hotonsa yana murmushi, da bayanin asibitin da za a gina a wurin. Ranar da aka kafa allon an yi kiɗa, an yanka rago. Yayarsa Batula, wadda ta goye shi yana jariri, kuma ita kaɗai ce a Jabo ba ta kiransa Onarabul, ta je ta gano wa idonta bayan damina biyu. Da ya zo gaishe ta ta ce, "Isah, Allah shi yi albarka. Awakin Jabo sun samu inuwa."

Ya yi dariya ya ce Yaya ba ta san yadda aikin gwamnati yake tafiya ba. Ta ce gaskiya ne, don ba ta taɓa ganin ya tafi ba.

Zango na biyu na ƙarewa ɗan Alhaji Ɗangiwa ya dawo daga karatu a ƙasar waje, da gemu ɗan tsito da Turanci ta hanci, ba shi da abin yi. Aka sake kiran Isah zaure. Ɗangiwa ya yi masa bayani cewa lokaci ya yi da za a ba matasa dama. Isah ya goyi baya. Amma da ya fita ya sa takalminsa a karkace, har ya kai bakin mota bai lura ba. Ɗangiwa dai ba butulu ba ne. Ya tuna Isah ya taɓa yin karatun shari'a, aka kakkaɓe takardunsa, aka kira shi ganawa, ya amsa tambayoyi yadda ya kamata, don karatun yana nan kwance a kansa ba a taɓa shi ba. Ba a daɗe ba aka naɗa shi alƙali a wata kotun shari'a a ƙasar Kebbe.

Da labari ya kai wa Batula ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ta ce, "Alƙali? Kai da in an aje maka tuwo da fura sai an zaɓa maka?"

Kotun ba wata babba ba ce: ɗaki ne mai rufin kwano, da bencina, da tebur a kan ɗan dandamali, da wata bishiyar darbejiya a ƙofa inda masu ƙara kan jira. Akwai masinja, wani dattijo mai suna Dogo, wanda alƙalai da yawa suka zo suka tafi suka bar shi. Ranar farko Isah ya naɗa rawani, ya yafa alkyabba, ya doshi ƙofa. Dogo ya buɗe murya ya ce, "Kotu!" Jama'a suka miƙe tsaye gaba ɗaya, har da wani tsoho mai sanda da sai da aka tallafa masa. Isah ya ji wani abu ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Duk zamansa a majalisa shi ne mai miƙe wa mutane. Ya yi tafiyar nan zuwa tebur a hankali, yana jan ta, don kada ta ƙare da wuri.

Daɗin ya tsaya a nan, don ana zama aka kira shari'a. Wani makiyayi mai suna Jumare ya yi ƙarar wani manomi, Atu, a kan karsana. Jumare ya ce kiwo ya ba Atu ita. Atu ya ce kyauta ce, ranar da ya fitar da shanun Jumare daga gulbi. Jumare ya yi bayani, Isah ya saurara, ya ga lallai gaskiyarsa ce. Atu ya yi nasa, Isah ya ga shi ma ba ƙarya a bakinsa. Suka zuba masa ido suna jiran hukunci. Ya buɗe baki, saura ƙiris ya ce ya goyi baya, Allah ya taimake shi tari ya sarƙe shi. A majalisa in ka goyi baya akwai wanda zai buga guduma ya ɗauke maka sauran. Nan kuwa ya waiwaya, ba kowa a bayansa sai bango.

Dogo ya matso kamar zai gyara takardu, ya raɗa masa, "Allah shi gafarta Malam, ana iya ɗagawa."

Isah bai taɓa jin kalma mai daɗin wannan ba. Ya gyara murya ya ce kotu za ta yi nazari, an ɗage zama. Ya ba da umarni a ajiye karsanar a hannun amana, wato a gidan Dogo. Da ranar ta zagayo ya sake ɗagawa don a nemo shaidu. Da shaidu suka zo ya ɗaga don a nemo masu shaidar halin shaidun. Karsana ta zama saniya, ta haihu, ɗan maraƙin ya zama sabuwar shari'a mai zaman kanta. Iyalin Dogo suka yi ƙiba da nono. Jumare da Atu kuwa, da yake hanyarsu ɗaya, suka fara hawa babur ɗaya zuwa kotu, suna zagin alƙali tare a kan hanya, har suka shaƙu. Wata rana suka shigo suka ce sun janye, ɗaya ya ɗauki uwar, ɗaya ya ɗauki ɗan. Isah ya yi musu doguwar nasiha a kan falalar sulhu, ya rubuta cewa kotu ta sasanta su.

Kafin a jima sunansa ya zaga ƙasar Kebbe. In mutum biyu suka yi cacar baki a kasuwa, sai ɗaya ya ce, "Wallahi sai na kai ka gaban Onarabul." Nan take ɗayan zai sauko ya ce a yi haƙuri, abin bai kai can ba, yana da iyali. Masu rikicin gado suka koma rabawa a tsakar gida. Masu rikicin iyakar gona suka riƙa kafa dutse da kansu. Bencinan kotu suka yi ƙura. Wani babba da ya zo duba kotuna ya ga ba shari'u, ya koma ya ba da labari cewa an samu alƙali mai albarka a Kebbe, wanda zuwansa ya kawo zaman lafiya. Isah ya ji wannan yabo, ya auna shi, ya ga bai wuce gona da iri ba.

Sai Allah ya kawo Hadijatu.

Mutuniyar Fakku ce, matar marigayi Bube, gajeruwa, baƙa, mai ƙaramar murya. Mijinta ya bar mata da 'ya'yanta mata wata fadama a bakin gulbi, suna shinkafa da damina, albasa da rani. Alhaji Ɗangiwa ya shiga noman shinkafa, ya saye fadamun da ke kewaye da tata, tata ta rage a tsakiya kamar tsakuwa a cikin tuwo. Wata safiya ta je ta tarar tarakta ta bi ta kan kunyoyinta ta share. Da ta tambaya aka ce mata ai Bube ya sayar wa Alhaji tun kafin ya rasu. Ta ce Bube ko akuya zai sayar sai ya yi mako yana yi mata mita, balle fadama. Ta ɗauki mayafinta ta nufi kotu. Mutane suka yi ta ba ta baki, suna ce mata wanda take ƙara shi ya ɗora wanda za ta kai wa ƙarar, kuma ko ba haka ba, jikokinta ne za su ji hukunci. Ta ce ba komai, ba ta da wani aiki, tunda an share mata gonar.

Da Isah ya ji sunan wanda ake ƙara bai ɓata lokaci ba. Ya hana kowa taɓa fadamar har a gama shari'a, ya ɗage zama, ya koma ofis yana jiran tsohuwa ta gaji kamar yadda kowa yake gajiya.

Ba ta gaji ba. Ranar zama tana nan, ranar da ba zama ma tana nan. Ta samu masauki wurin wata 'yar'uwarta a garin, kullum da safe ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, daidai tagar ofishinsa, tana saƙar faifai. In ya iso ta gaishe shi da ladabi: "Allah shi gafarta Malam, an kwana lahiya? Yau ma ba a ƙare nazarin ba?" In zai tashi ta yi masa sai gobe. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ya sa aka rufe tagar, zafi ya kore shi ya buɗe. Ya koma shiga ta ƙofar baya, ta mai da tabarmarta can. Faya-fayanta suka yi kasuwa, har matar Dogo ta saya.

Shi ma Ɗangiwa haƙurinsa ya ƙare, don hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga iri ya saya, ga fili a tsakiyar gonarsa an hana shi taɓawa. Ya bugo waya.

"Isah, wanga wasa ya isa. Ranar Laraba ina zuwa da kaina, ka ƙare min shi."

"To, ranka shi daɗe."

Kada wani ya zaci Isah ya shiga wani kokawa da zuciyarsa. Ya san wanda zai ba gaskiya, abin da ya rage masa shi ne ya samo inda zai rataya hukuncin. Ranar Asabar ya koma gida Tambuwal, ya jawo akwatin littattafansa na makaranta daga ƙarƙashin gado, gara ta ci gefensu. Ya zauna a inuwa bayan la'asar yana buɗawa. Abin haushi, duk shafin da ya buɗe sai ya ga ba ya tare da Alhaji. Wanda ya yarda gona ta wani ce, sannan ya ce ya saya, shi zai kawo hujja. Wanda kake ciyarwa ba ya yi maka shaida. Isah ya tarar ya san duk wannan, har ya tuna malamin da ya koya musu da yadda yake buga allo. Ya rufe littattafan, ya mai da su ƙarƙashin gado, ya ƙudura cewa zai ba Alhaji fadama, littattafai kuma su yi haƙuri.

Ranar Laraba kotu ta cika har taga, don mutane sun ji Onarabul zai yanke hukunci, abin da ba a taɓa gani ba. Isah ya naɗa sabon rawani. Dogo ya yi kiransa na kullum, jama'a suka miƙe. Isah ya fara tafiyarsa ta a hankali, sai ya ga mutum ɗaya a zaune. Alhaji Ɗangiwa ne. Bai zauna a benci ba, kujerarsa ya sa aka ɗauko daga mota aka girke masa a gefen teburin alƙali. Ya harɗe ƙafa, waya a kunne, yana yi wa wani faɗa a kan buhunan taki. Isah ya zauna. Kotu ta yi tsit tana jiran Alhaji ya gama da taki.

Da ya gama ya dubi alƙali sama da ƙasa, ya ce, "Isah, yi maza, ina da ɗaurin aure Tambuwal." Ya ƙara dubansa, ya yi 'yar dariya. "Wanga rawani ai ya yi maka yawa, yaro. Wa ya naɗa maka?"

Mutanen Alhaji suka yi dariya, don aikinsu ke nan. Wasu a benci suka sunkuyar da kai. Isah ya saci kallon Dogo, ya ga dattijon ya kafa ido a ƙasa, kumatunsa na motsi.

Ɗangiwa ya sha gaya masa abin da ya fi wannan, amma a zaure, inda ba kowa sai masu cin tuwonsa. Nan kuwa ɗakin da ake miƙe masa ne. Daga baya mutane sun ce tausayin baiwar Allah ne ya kama alƙali, wasu suka ce tsoron lahira ne. Ko kallon inda Hadijatu take bai yi ba. Kunnuwansa ne suka ɗauki zafi, ya ji rawanin da ya ɓata safiya yana naɗawa ya yi masa nauyi a ka.

Ya ce, "Dogo, fid da kujerar ga waje. Wanda aka ƙara shi tsaya inda aka tsayawa."

Dogo ya ɗago kai, ya dubi alƙali, ya dubi Alhaji, ya ga dai da shi ake.

Ɗangiwa ya ce, "Ka san da wa kaka magana?"

"Da wanda aka ƙara," in ji Isah.

Ɗangiwa ya miƙe don ya yi masa tsawa, Dogo kuwa ya ga dama ta samu, ya zare kujerar ya yi waje da ita. Alhaji ya waiwaya ya ga ba wurin zama, ga jama'a sun zuba masa ido. Haka ya tsaya.

Daga nan karatun da ya kwana shekaru a kan Isah ya farka. Ya tambayi Alhaji ko ya yarda asalin fadama ta Bube ce. Ya ce ya yarda, amma ya saya. Isah ya ce to ya kawo shaidu. Aka shigo da su: direbansa, da mai gadin gidansa, da Mu'awiya mai tuƙa masa tarakta. Kowannensu ya zo da jawabinsa a haddace, har da kalar rigar da Bube ya sa ranar ciniki. Isah bai bari sun kai ga rigar ba.

"Wa ka ciyad da kai?" ya tambayi direba.

"Alhaji, Allah shi gafarta Malam."

"Kai fa?"

"Alhaji."

Mu'awiya bai jira tambaya ba, ya ce shi ma Alhaji ne, har da kayan sallah. Isah ya ce shari'a ba ta karɓar shaidarsu, ya tambaya ko akwai wani wanda ba ya cin tuwon gidan. Ɗangiwa ya duba cikin mutanen da ya zo da su mota biyu, bai samu ko ɗaya ba. Aka sa Hadijatu ta yi alwala, ta rantse ba ta san da wani ciniki ba. Isah ya ce fadama ta magadan Bube ce, wanda bai gamsu ba ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take. Ya miƙe, jama'a suka miƙe, Alhaji kuwa dama a tsaye yake.

Yana shiga ofis ya murza makulli. Zafin kunne ya tafi, ya bar shi shi kaɗai da abin da ya aikata. Ya ɗauki waya ya kira Alhaji don ya ba da haƙuri, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, aka kashe. Da yamma ya aika wani aminin Alhaji ya gaya masa sharrin shaiɗan ne, kuma in ya ɗaukaka ƙara shi da kansa zai nuna wa lauyansa inda hukuncin yake da rauni. Ya zauna ya nemi raunin da gaske, bai samu ba. Alhaji ya ɗaukaka ƙara, manyan alƙalai a Sakkwato ma suka nema ba su samu ba, suka tabbatar da hukuncin, har ɗayansu ya ce a riƙa koya wa ɗalibai shi.

Labari ya bazu har rediyo. Aka ce ga alƙalin da ya tsayar da Ɗangiwa a kan ƙafafunsa. A tashar Tambuwal 'yan acaɓa suka riƙa ɗaga masa hannu. Batula ta ce ita dai ba ta yarda ba, sai an nuna mata wanda ya ara masa bakin. Ɗangiwa ya so ya sa a jefa shi wani lungu, amma ya ga sunan yaron ya yi girman da taɓa shi zai jawo surutu, ga zaɓe na matsowa, sai ya haɗiye. Masu ƙara suka dawo kotu kamar an buɗe kasuwa, kowa yana neman irin adalcin da aka yi wa Hadijatu. Isah ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, ya ci gaba da ɗagawa kamar da. Sai dai yanzu ba mai zaginsa. Cewa ake yi Malam yana zurfafa bincike, ka ga ai na Hadijatu ma sai da ya daɗe. A haka ya kai ga ritaya, aka yi masa walima, aka ba shi allon yabo.

Zuwa lokacin shi kansa ya gama yarda da labarin. In ya zauna a ƙofar gidansa a Tambuwal yana ba da shi, yakan ce tun ranar da ya fara ganin matar nan ya yi wa Allah alkawari. Saboda haka da wani ma'aikacin rediyo mai suna Gazali ya zo yana son ya yi shiri a kan rayuwarsa, Isah ya ce su je Fakku, ya ga fadamar da idonsa, ya kuma ji daga bakin tsohuwar.

Suka tafi da damina a motar Isah. Da suka isa bakin gulbi ya fito ya nuna da sanda, sai sandar ta tsaya a sama. Shinkafa ce shimfiɗe kore shar daga wannan gefe zuwa wancan, ba kunya, ba iyaka, taraktar Alhaji Ɗangiwa na fake a daidai inda fadamar Hadijatu take. Isah ya ce wannan raina kotu ne, kuma Gazali ya buɗe na'urarsa ya ɗauka. Suka nufi gidan tsohuwar.

Tun daga nesa suka ji ƙarar injin niƙa. A ƙofar gidan aka kafa shi, mata sun yi layi da ƙorai. Hadijatu na zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta yi ƙiba, ta yi musu murmushi, haƙorin Makka ya yi walƙiya. Sai da Gazali ya gaya mata ko wane ne sannan ta gane shi, ta sa aka kawo tabarma da fura.

Isah ya ce, "Hajiya, yaushe Alhaji ya sake ƙwace miki fadama? Don mi ba ki zo kin faɗa min ba?"

Ta ce, "Ba ƙwacewa ya yi ba. Saida mai na yi."

Isah ya ajiye ludayi. "Kin saida? Bayan duk abin da anka yi?"

"To, Malam, gwiwata ba ta iya fadama, ɗiyana kuma duk sun yi aure. Ni dama ban ce ba ni saidawa ba. Tambayata ce ba a yi ba. Da anka ƙare shari'a ya aiko, na ce shi zo da kainai. Ya zo, ya zauna nan inda kake, ya yi sallama, na faɗi abin da nika so, ya yi ta kuka, ya biya." Ta gyara mayafi. "Allah dai shi saka maka. Ka ɗaga min kuɗinta ƙwarai."

Gazali ya matsa da na'ura ya tambaye ta me za ta ce game da jaruntakar alƙali. Ta yi ɗan tunani, ta ce mutumin kirki ne, bai taɓa korarta daga gindin darbejiya ba. Sannan ta juya ta yi wa mai injin faɗa a kan ya cika wa wata mata gari da tsaki.

A hanyar komawa suka zo wani kwari a gefen gonar, inda ruwa ya kwanta. Motar ta shiga, ta yi gurnani, ta zauna. Suka fito suka tura, taɓo ya ɓata wa Isah babbar riga har gwiwa, mota ba ta motsa ba. Can sai ga tarakta ta taho tana tangaɗi. Mu'awiya ne a kai. Ya sauko ya durƙusa ya gaishe da alƙali, ya ɗaura igiya ba tare da an roƙe shi ba. Ya ce Alhaji ya ba da umarni duk wanda ya maƙale a hanyar gonarsa a jawo shi, ko wane ne.

Isah ya koma cikin mota ya riƙe sitiyari, tarakta na jan su a hankali cikin taɓo. Gazali ya ce tunda an samu lokaci, ko Malam zai yi wa masu sauraro bayani a kan 'yancin alƙali. Isah ya kakkaɓe hannun rigarsa, ya gyara murya, ya fara. Ya yi magana mai kyau ƙwarai, sai dai da aka sa shirin a rediyo ƙarar taraktar ta danne rabinta.